Civic ƙofa biyu da kujerar jariri mai kallon baya: a juya shi ko da wata dabara?

Mai Civic:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kujerar yara ta mota. Motarmu Honda Civic ce ƙofa biyu, ta 2008, 'yar Amurka. Yarona watansa 10, kilo 9, tsayinsa santimita 72. Kujerarsa irin mai hannun ɗauka ce da ake ɗorawa a kan gindinta, an rubuta a jikinta cewa iyakarta fam 30 da inci 30. Tana bayan mai zaman banza, tana kallon baya.

Duk wanda ya zauna a gaba gwiwarsa na dukan dashbod, don sai an tura kujerar gaba sosai kafin tasa ta samu wuri. Shigar da shi da fito da shi kuma aiki ne, sai an kwantar da kujerar gaba an sunkuya, ga shi ya yi nauyi. Sannan ƙafafunsa sun fara taɓa majinginar kujerar baya. Ana ta ce min tunda ya kai kilo 9 kuma yana zama da kansa, in juya shi ya kalli gaba. Wasu sun ce in dawo da shi gidan gaba kusa da ni. Canza mota ba ya cikin lissafinmu yanzu. Yaya zan yi?

Anti Nas:

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Kada ki juya shi. Ita wannan kujerar taki ma ba a juya ta, duk kujera mai hannun ɗauka baya kaɗai aka ƙera ta ta kalla. In aka ɗaure ta tana kallon gaba, babu hanyar bel da za ta riƙe ta ranar haɗari.

Maganar kilo 9 tana da asali. Tsohuwar ƙa'idar Turai mai suna R44 ce ta yarda a juya yaro daga kilo 9. Sabuwar, R129, wadda ta fara aiki a 2013, ta ce sai yaro ya cika wata 15 aƙalla, kuma wannan mafi ƙaranci ne, ba shi ne abin da ake so ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tun 2018 ta daina yanke shekaru, ta ce a bar yaro yana kallon baya har ya kai iyakar nauyi ko tsayin da kujerarsa ta ɗauka. A Suwidin kuwa yara na kaiwa wajen shekara huɗu a haka, kuma ba manyan motoci ne da kowa ba.

Dalilin a wuya yake. Kan jariri babba ne a kan jikinsa, ƙasusuwan wuyansa kuma har yanzu wani ɓangarensu guringuntsi ne, ba sa gama haɗewa su yi ƙwari sai bayan shekara uku zuwa sama. Zaman da yake yi da kansa ƙarfin tsoka ne, ƙashin bai canza ba. Mafi yawan munanan haɗurra ta gaba ake yin karo. In yaro na kallon gaba, maɗauri zai riƙe kafaɗunsa, kai kuma ya yi gaba da dukkan nauyinsa, wuya ya ɗauki jan shi kaɗai. Ƙashi da jijiyoyin jariri suna miƙewa, laka ba ta miƙewa haka, tsinkewa take yi. In kuwa yana kallon baya, bugun zai danna shi cikin kujerar ne, kai da wuya da baya su tafi tare, kamar yadda zanin goyo ke tallafe kan yaro da bayansa lokaci guda. Karo a gudun kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kuma wannan gudun cikin gari ne.

Ƙafafu kada su dame ki ko kaɗan. Yaro zai tanƙwashe su, ko ya ɗora su a majingina, ko ya zuro su gefe, gaɓoɓinsa sun fi namu laushi. Ba da ƙafa ake gane kujera ta yi masa kaɗan ba. Abu uku ake dubawa, kuma duk wanda ya fara cika shi ke nan: nauyi, wato fam 30 ɗin nan kilo 13.6 ne, tsayi, inci 30 santimita 76 ne, sai ratar da ke tsakanin tsakar kansa da bakin kujerar na sama, kada ta gaza santimita biyu da rabi. Kin ga saura masa santimita huɗu. Nan da 'yan watanni za ki buƙaci babbar kujera, ita ma mai kallon baya.

Wajen matsi a gaba, ki fara duba kwanciyar kujerar. Sabon haihuwa ake kwantarwa zuwa digiri 45, don kada kansa ya faɗo kan ƙirji ya toshe masa numfashi. Ɗan wata 10 mai riƙe kansa ba ya buƙatar haka, yawancin kujeru suna yarda a ɗaga su zuwa wajen digiri 30 ko 35 daga tsaye, kuma duk ɗagawar da aka yi wuri ne ya ƙaru a gaba. A gefen gindin akwai ma'auni, ko kumfa cikin ruwa, ko 'yar ƙwallo, ko layi da ake daidaitawa da ƙasa. Ki tsayar da mota a wuri mai baje, ki kai kujerar ƙarshen tsayuwar da ma'aunin ya yarda, kada ki wuce. Iyaye da yawa suna barin ta yadda aka saita ta ranar suna har yaro ya shekara.

In duk da haka gaban ya matse, littafin Honda da kansa ya faɗi abin yi: a sa kujerar yaro a bayan mai zaman banza, a tura ta gaba iya buƙata, a bar ta babu kowa. Babban mutum ya zauna bayan direba, gefen yaro. Ya fi a cusa shi gaba ƙirjinsa na shafar dashbod, don shi ma yana buƙatar tazarar santimita 25 aƙalla daga inda jakar iska, wadda ke kumbura ta tare mutum a haɗari, ke fitowa.

Oga Bakanike:

Hajiya, Anti ta gama magana a kan juyi. Ni gidan gaba zan fara kashewa. Jakar iskar mai zaman banza tana fashewa da gudun da ya kai kilomita 300 a awa, bayan kujerar jariri kuma, daidai inda kansa yake, yana dab da dashbod. Ba a haɗa su. Wasu motocin Turai irin su Golf da Peugeot suna da makunni a gefen dashbod ko cikin aljihunsa da ake kashe jakar da makullin mota. Civic 'yar Amurka ba ta da shi, na'urar auna nauyi ce a ƙarƙashin kujera take yanke hukunci da kanta. Kada ki dogara da fitilar da ke nuna an kashe jakar, balle a tokumbo, wato motocin da aka yi amfani da su a waje, da yawansu sun taɓa haɗari kafin su iso, ba a san abin da aka taɓa a wayoyinsu ba.

Wannan na'urar ce kuma ta sa ba a son kujerar yaro ta tokare bayan kujerar gaba. In tana danna ta, awon nauyin yana rikicewa, jakar ta buɗe ko ta ƙi buɗewa ba bisa ƙa'ida ba. Ki bar ratar da tafin hannu zai wuce a miƙe.

Sai ɗaurin kujerar a mota. Hanya biyu ce a motarki, ɗaya za ki zaɓa, ba a haɗa su sai in littafin kujerar ya ce a haɗa. Ta farko ƙarafunan da ke ɓoye a tsagar da mazauni ya haɗu da majingina. Ki zura yatsu za ki ji su, biyu a kowane gefe, santimita 28 tsakaninsu. Kusan duk motar Amurka daga Satumba 2002 tana da su, can LATCH suke kiran su, a Turai ISOFIX. Ki maƙala ƙugiyoyin bakinsu na kallon ƙasa, ki tabbata ƙarfen kika kama, ba wayar cikin kushin ba, kuma igiyar ba ta murɗe ba.

Ta biyu bel ɗin mota. Ki bi da shi ta hanyar da aka yi wa alama, ki danna shi a makullinsa, sannan ki jawo na kafaɗar a hankali har ya ƙare ƙaf, ki sake shi. Za ki ji yana ƙara kat-kat-kat yana komawa. Ya kulle ke nan, in kin ja ba zai fito ba. Wannan matakin ne aka fi mantawa. Bel da ba a kulle ba yana saki kaɗan-kaɗan a kowace kwana da kowane rami, bayan mako guda kujera na yawo.

Ƙofa biyu tana da wani amfani a nan. Ki tura kujerar gaba ƙarshe, ki kwantar da ita, ki shiga ki tsaya a wurin ajiye ƙafa, ki danna gindin kujerar yaron ƙasa da baya da nauyin jikinki, kina ɗan jijjiga shi hagu da dama, ɗaya hannun yana jan bel daga kusa da makulli. Kada ki ja daga can sama wajen kafaɗa, ba ya matsewa ta nan. In kin gama, ki kama kujerar daidai inda bel ya ratsa, ki ja gefe da gefe, gaba da baya, da ƙarfin musabaha. In ta motsa fiye da santimita biyu da rabi, a sake. Saman kujerar, wajen kai, zai yi motsi ko da ɗaurin ya yi kyau, har ya ɗago wajen majingina. Haka aka yi ta, ba a nan ake gwaji ba.

Abu biyu ke ɓata aiki a irin wannan mota. Kujerun bayanta masu zurfi ne, sun gangara ciki, sai kujerar yaro ta miƙe tsaye fiye da yadda ma'auni ya yarda. In ƙafar daidaitawa ta gindin ba ta isa ba, a naɗe tawul tamau a sa a tsagar nan ƙarƙashin wajen ƙafafun yaro, in littafin kujerar bai hana ba. Tawul, ba filo ko soso ba, su lotsewa suke yi. Na biyu, bel da aka kulle yakan ja gefe ɗaya sama, kujera ta karkace bayan kwana biyu. In haka ta faru ki koma ƙarafunan ƙasa, ko ki yi amfani da maƙallin bel da ke jikin gindin in yana da shi.

Sai kujerar gaba da ake turawa kullum. In an dawo da ita takan zarce baya ta bugi ta yaron. Ki samu wurin da ya dace sau ɗaya, ki liƙa salatif ja a kan ƙarfen da take gudu a kai, kowa ya san inda zai tsaya. Kuma duk lokacin da aka mayar da ita a jijjiga ta a ji ta kama. Kujerar da ba ta kama ba, birki ɗaya mai ƙarfi zai tafi da ita.

Baban 'Yan Biyu:

'Yar'uwa, wahalar shigarwa takan ragu in aka daina ɗaukar kujerar gaba ɗaya. Yaro kilo 9 da kujera kilo huɗu ko biyar, a sunkuye, ta ƙaramar kafa, bayan mutum ba zai jure ba. Ki bar ta a ɗaure a mota, yaron kaɗai za ki riƙa shigarwa.

Tun lokacin fito da shi ake shirya komawa: a sassauta maɗaurin sosai, a baje igiyoyin gefe da gefe, a kwantar da makullin tsakanin ƙafa ya kalli waje. In za a shiga, hanya mafi sauƙi ita ce ki shiga da shi ta ɗaya ƙofar, ki zauna a kujerar baya gefen tasa yana kan cinyarki, sannan ki zura shi ta gefe, ɗuwawu farko, tafin hannunki a kan kansa saboda rufin ya yi ƙasa. A zaune kike, kina ganin komai, hannu biyu na aiki. In a bakin titi ne mai cunkoson babura da A Daidaita Sahu, ki shiga ta dama, gefen da ba ababen hawa, ki durƙusa da gwiwa ɗaya a wurin ajiye ƙafa. Ƙofofin nan dogaye ne, ki riƙa zaɓen wurin fakin da za su buɗe sosai. Masu Golf ko Yaris ko 206 da bayansu ke ɗagawa gaba ɗaya suna iya ɗaure yaro ta but, wato wurin kaya na baya, tunda fuskarsa can take kallo. Civic ɗinki ba ta ba da wannan dama ba.

Ɗaurin jikinsa: a kujera mai kallon baya igiyoyin kafaɗa suna fitowa daidai kafaɗa ko ƙasa da ita kaɗan, ba sama ba, don a karo yaro sama yake zamewa. Ki fara jan sakin da ke wajen cinya, sannan ki ja igiyar matsewa. Ki gwada tsunkule igiyar a kan kafaɗarsa da yatsa biyu. In ta naɗo, ba ta matsu ba. Maƙallin ƙirji ya tsaya daidai hammata, ba a kan ciki ba. Lokacin hunturu kada a ɗaure shi cikin rigar sanyi mai kauri, tana lotsewa a bar rata. A ɗaure shi da kaya marasa kauri, a lulluɓa bargo a sama.

Abin da ya fi damuna da ƙofa biyu a ƙasarmu zafi ne. Gilasan baya ba sa sauka, babu mafitar iska a baya, bayan kujerar yaron kuma ya tare sanyin da ke zuwa daga gaba. Ki karkata mafitan tsakiya su kalli rufi, iskar ta bi ta sama ta sauko masa. In za a bar mota a rana a rufe kujerar da farin zani, kuma kafin a sa shi a taɓa ƙarfen makullin da bayan hannu, yana ƙona cinya. Kada a rufe shi da mayafi mai kauri yana ciki. Motar da aka rufe tana ƙara wajen digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar fiye da na babba. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda waje ma ya haura 40, ko shiga kanti ba a yi a bar shi. Tunda ba kya ganin fuskarsa daga gaba, kuma ba ƙofar baya da za ki buɗe, ki riƙa ajiye jakarki da wayarki a ƙasan kujerarsa.

Mai Civic:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na duba ma'aunin, a ƙarshen kwanciya yake. Oga, tsakiyar kujerar baya fa, ba za ta fi ba? Sannan wace iri zan nema ta gaba? Sababbin sun yi tsada, 'yan gwanjo nake gani.

Oga Bakanike:

Tsakiya ta fi nisa da bugun gefe, kuma wani lokaci saman kujerar yaro yana shiga tsakanin kujerun gaba biyu, kowa ya samu wuri. Amma da bel kaɗai za ki ɗaure a nan, Hajiya. Kada ki ari ƙarfe ɗaya daga hagu ɗaya daga dama, tazararsu ba ita ce 28 ɗin ba. Tsakiyar Civic tudu ne siriri, kujeru masu faɗin gindi suna rawa a kai. Ki gwada. In ta ci gwajin santimita biyu da rabi kuma ba ta takura direba ba, madalla. In ba ta ci ba, gefe mai ɗauri tamau ya fi tsakiya mai rawa.

Anti Nas:

Ki nemi wadda ake kafewa a mota, mai kallon baya har kilo 18 aƙalla, wato fam 40, ko santimita 105 in ta Turai ce. Kada girmanta ya tsorata ki. Da yake a tsaye take zama, sau da yawa ba ta cin wurin da mai hannun ɗauka da gindinta ke ci. Misali, kujerar Cosco Scenera Next ƙarama ce, mara nauyi, tana kai fam 40 da inci 40 a kallon baya. Graco Extend2Fit tana kai fam 50, kuma in ba a jawo allon ƙafarta ba ba ta cin wuri sosai. Diono Radian siririya ce amma doguwa ƙwarai in tana kallon baya, ba ta wannan motar ba ce. Masu juyawa a kan gindi suna rage wahalar hannu, sai dai gindinsu tudu ne, rufin motarki kuma ƙasa, ratar da za ki zura yaron ta ragu. Duk wadda za ki saya, ki je da motar da yaron, a ɗaura a gabanki kafin ki biya.

Irin waɗannan hanyar bel biyu gare su. Ta kallon baya tana ƙarƙashin cinyar yaro, ta kallon gaba tana bayan bayansa. In aka bi ta biyun alhali kujera na kallon baya, za ta yi kamar ta ɗauru, ranar karo ta kife. A kujerun Turai na R44 shuɗiyar alama ita ce ta baya, ja ta gaba.

Gwanjo kuwa ba na so, amma na san halin da ake ciki. In dole ne, ki juya ta ki nemi takardar da ke ɗauke da ranar ƙira. Yawanci shekara 6 zuwa 10 suke yi, robar tana tsufa, zafin cikin mota kuma yana hanzarta hakan. Ta Turai tana da takarda ruwan lemo mai harafin E cikin da'ira, ki ga R129 ko R44/04, kada ki karɓi mai 01 ko 02. Ta Amurka tana ɗauke da bayanin cewa ta cika ƙa'idar gwamnatinsu, da lambar samfuri. Wadda ba takarda ko ɗaya a jikinta ki bar ta ko kyauta ce, haka ma 'yan kujerun yadi marasa ƙwarya da ake ratayawa a majingina. Ki cire rigar kujerar ki duba farin soson ciki ko ya tsage, ki duba robar ko akwai farin layi inda ta taɓa lanƙwasa, ki ja igiyoyin ki ga ba su zare ba, makulli ya kama da ƙara ya kuma saki da dannawa ɗaya. Abin da ido ba ya gani shi ne ko ta taɓa haɗari, shi ya sa karɓa daga hannun 'yar'uwa ko maƙwabciya da kika san tarihin kujerarta ya fi ta dila. Littafinta kuma, in babu, ki sa sunan samfurin a intanet, kamfanonin suna ajiye shi kyauta, ki sauke shi a waya kafin ki fara ɗaurawa.